Wakilin Jini

"Wai ba za a rarrashi yaron nan ba ne? Tun safe kunnena bai huta ba!"

Inna Ɗela ce ke wannan faɗa daga bakin murhu, tana tura itace da ƙafa. Zahara'u, matar ɗanta Mutari, na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta rungume ɗansu Hanif, idonta taf da hawaye. Watansa tara a duniya. Hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura suntum, ko bakin zane ya taɓa su sai ya ƙwalla ƙara. Ta ba shi nono ya ƙi, ta goya shi ya sandare, ta sauke shi ya shiɗe.

"Wallahi Inna na yi iya yina. Jikinsa ne ke masa ciwo."

"Wane ciwo? Sanyin damina ne. Mu da muka haifi bakwai ba mu taɓa zama muna taya jariri kuka ba. Amma ku 'yan lakwal, masu karatun boko, ko tuntuɓe yaro ya yi sai likita!"

Ana haka Mutari ya shigo daga gona, laka har gwiwa. Ya jingine fartanya, ya tsugunna gaban matarsa ya leƙa fuskar yaron. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa.

"Zahra, shirya," ya ce a hankali. "An ce wasu baƙi sun sauka a likitar Dungas, asibitin nan, suna duba jinin yara kyauta. Har gidan sauro suke bayarwa."

Jin zancen gidan sauro sai Inna ta miƙe ta ce ita ma za ta, ai jika ba ya zuwa likita ba kaka.

Kafin mu bi su, dole mu koma baya shekara biyu, don can aka ƙulla abin da ya zo ya shaƙe su.

Mutari ɗan kabu-kabu ne in rani ya yi, manomi in ruwa ya sauka. A tashar Magaria ya fara ɗaukar Zahara'u, ya kai ta gida ya ƙi karɓar kuɗi, washegari kuma ya dawo wai ya zo neman hular da bai taɓa yarwa ba. So ya kama su kamun gaske. Mahaifinta, Mushe Alhassan, tsohon malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, mutum mai sauƙin kai, amma yana da tabo a zuciya: ƙanwarsa ta binne 'ya'ya uku saboda amosanin jini, wanda 'yan ƙetaren iyaka ke kira sikila. Don haka ya sa aka gwada 'ya'yansa duka, ya kuma san Zahara'u AS ce, wato tana ɗauke da irin ciwon ko da yake ita lafiyarta ƙalau. Da iyayen Mutari suka zo neman aure ya ce musu bai nemi saniya ba, bai nemi akwati goma ba. Takarda ɗaya yake so, ta gwajin jinin yaro. In AA ne, ga mata. In ba haka ba, a haƙura.

To, a lokacin Mutari na can Legas ci-rani, yana tara abin biki. Mahaifinsa Malam Zakariya'u, mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba amma kuma bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, ya shafa gemu ya ce, "Neman auren nan wakili ya yi. Sadaki wakili zai kai. Ɗaurin auren kansa wakili zai karɓa. Ɗigon jini ne zai sa yaro ya baro neman abincinsa?" Ya kira babban ɗansa Kamalu, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da Mutari, nono ɗaya suka sha. Kamalu ya je wani ɗakin gwaji, aka tambayi suna ya ce Mutari Zakariya'u, tunda shi ya zo wakilta. Takarda ta fito AA. Da aka faɗa wa Mutari a waya har da dariyarsa, domin duk girman jikinsa, in ya ga allura gudu yake yi. Babu wanda ya ɗauki abin a matsayin ha'inci. A wurinsu jinin gida ɗaya ne, kamar ruwan rijiya ɗaya, ko wa ya jawo. Aka sha biki, aka manta.

Ita kuwa Zahara'u da mahaifinta, ko a mafarki ba su ji wannan labari ba.

A likitar Dungas mata sun cika rumfa da goyo. Shugabar baƙin, Madam Hamsatu, ta tsaya tana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce wata jami'a ce ta turo su su zagaya ƙauyukan Magaria da Dungas, su ƙirga yaran da ke da amosanin jini. Ta ce da yawansu suna mutuwa kafin shekara biyar ba a san me ya kashe su ba, a ce iska, a ce wabi, alhali da an gano da wuri, da ɗan magani mai araha da rigakafi sun riƙe su. Duk yaron da aka samu za a rubuta shi a kaye, wato littafin rajistarsu, a riƙa bin sa ana ba shi magani.

Mutari ya ce zai tsaya waje ya tsare babur. Kowa ya san abin da yake tsarewa.

Aka soki diddigen Hanif, aka ɗiga jinin a kan wani ɗan abu kamar tsinken kunne. Ba a jima ba Madam ta ɗago kai.

"Ki yi haƙuri ƙanwata, SS ne, yana da amosanin jini. Amma kin zo a kan lokaci. An taɓa gwada ku ke da babansa?"

Zahara'u ta zaro takardu biyu, tata da ta mijinta, daga cikin karnen yaron, wato littafinsa na likita. Madam ta duba ta farko ta gyaɗa kai. Ta duba ta biyu, ta sake dubawa, sai bakinta ya riga tunaninta.

"A'a! Wannan takarda da wannan yaro ba su dace ba. Uba mai AA ba ya haifar SS."

Inna Ɗela, wadda tun ɗazu hankalinta ke kan tulin gidan sauro, ta juyo gaba ɗaya.

"Me kika ce, yarinya? Maimaita mini."

Nan Madam ta gane ta yi ɓarin da ba ya kwasuwa. "Inna, ki tsaya ki ji. Takarda tana kuskure. Abin da nake nufi, a kira baban a sake gwada shi, minti goma ne kawai..."

"Na ji wanda zan ji," in ji Inna. Ta gyara mayafi ta fice, ko gidan sauron ba ta waiwaya ba.

Kafin la'asar magana ta gama gida. Malam Zakariya'u ya zauna a zaure, Mutari da Kamalu a gabansa, Zahara'u a durƙushe daga bakin ƙofa, Inna na tsaye tana huci.

"Ga 'ya'yan Kamalu nan har huɗu, kowanne kamar ɗan maraƙi!" in ji Inna. "Mu a zuri'armu ba mu san wannan ciwo ba. Likita da bakinta ta ce jinin ɗana ba ya haifar irin wannan. To jinin wa ya haife shi? Wata nawa Mutari ya yi a Legas bayan biki?"

"Inna!" Zahara'u ta fashe da kuka. "Inna ki ji tsoron Allah! Wallahi tallahi ban san wani namiji ba sai mijina. Baba, don girman Allah a sake gwajin, ai ta ce a sake..."

"A sake don a wanke wa?" Malam ya ce, murya a sanyaye. "Ubanki ya nemi takarda, muka ba shi takarda. Yau kuma takardar ta zama ƙarya don ta juyo kanku? Ba za a mai da gidana abin wasa ba. Mutari, rubuta mata."

Mutari ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Tunda yake bai taɓa musa wa mahaifinsa ba.

"Baba, ka yanka ni in ka so. Amma ba zan iya rubutawa ba."

Aka yi ta yi, har maƙwabta suka shigo. A ƙarshe aka tsaya a kan ta tafi gidansu ta huta. Kowa ya san irin wannan hutu.

Tana haɗa kaya ya shigo ɗakin ya tsaya jikin ƙofa. Ta saki zanen da take ninkewa ta kama rigarsa.

"Baban Hanif, dube ni. Kai ma ka yarda?"

"Ban yarda ba, Zahra."

"To mu je yanzu, ba su tashi ba. Ɗigo ɗaya ne! In allurar kake tsoro ni zan riƙe maka hannu."

Ya kau da kai. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Ba allura ba ce. In aka sake ya fito AA fa? Yanzu ina iya cewa takarda ta yi kuskure, in ɓuya a nan, in ci gaba da sonki. In ta fito sau biyu, ina zan ɓuya?"

Ta sake shi a hankali. Duk zagin Inna bai yi mata zafin wannan magana ba, domin ta gane shakka ta riga ta shiga, ko da ta ƙofar baya ce. Abin takaici, ko a wannan lokaci bai faɗo masa a rai ya ce ai Kamalu ne ya je ba. Me zai sa ya faɗa? A ganinsa wannan ba labari ba ne.

Wata biyu ta yi a Magaria, wata biyu masu nauyi. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, ko rijiya ba ta leƙawa, don da ta wuce za a yi shiru, in ta ba da baya a ɗora. Wata ƙawarta ta lakwal ta aiko mata saƙo a waya wai, "Ma sheri, ƙawata ta kaina, ki faɗa mini gaskiya, ni ba zan gaya wa kowa ba." Ta kashe wayar ta jefa ƙarƙashin katifa.

Mushe Alhassan ya wanke ƙafa har ƙauyen sau biyu. Ya tunatar da Malam girman zunubin ƙazafi, ya roƙe shi a sake gwaji. Malam ya ce shi bai ambaci kowa da komai ba, takarda ce ta yi magana, kuma ba shi ya ce a kawo takarda cikin zancen aure ba. Mushe ya dawo ya zauna a ƙofar gida ya yi tagumi. Ya yarda da 'yarsa ɗari bisa ɗari, amma duk rayuwarsa ya koya wa yara su yarda da abin da ke rubuce, ga shi yau rubutu ya ɗaure shi.

"Ni na jawo miki, Zahara'u," yakan ce. "Na so in tsare ki daga rami ɗaya, na tura ki wani."

"Ba kai ba ne Baba. Allah na gani."

Abin da ya rage mata ke nan, Allah na gani. Tana ba Hanif ɗan maganin da su Madam Hamsatu suka rubuta, tana ɗura masa ruwa, tana lulluɓe shi in hadari ya taso. Duk Juma'a Mutari kan zo a ɓoye, ya ajiye sabulu da ƙosai, ya ɗauki yaron. Amma ta lura da yadda yake ƙura wa kunnen Hanif ido, da yatsunsa, da goshinsa, yana neman kansa a jikin ɗansa. In ya tafi sai ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Ran wata Talata da hantsi zazzaɓi ya kama Hanif. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi fari fat, kukan ma ya daina, sai numfashi sama-sama. Suka kwashe shi sai likita. Madam Hamsatu na can, don aikinsu ya dawo da su Magaria, kuma sunan yaron na cikin kayensu. Tun ranar Dungas abin yake cin ta, har ta aika wa Mutari sau uku bai zo ba.

"Jininsa ya ƙare," ta ce. "Sai an ƙara masa yau, ba gobe ba. Wa kuke da shi?"

Mushe na da hawan jini, ga tsufa. Zahara'u na shayarwa, ita kanta jinin bai ishe ta ba. Ta ciro waya ta kira lambar da ta yi rantsuwa ba za ta ƙara kira ba.

"In ɗanka ne, ka zo. In ba ɗanka ba ne, ka zo don Allah. Mutuwa zai yi."

Mutari na cikin zaure lokacin. Malam ya ce in ya taka ƙofar nan bai yafe ba. Mutari ya durƙusa ya ce, "Baba ka yafe mini," ya tashi ya fita. Sau uku yana buga babur ƙafarsa na zamewa. Kamalu ya zo ya karɓi kan babur ɗin ya ce, "Hau baya, kada ka kashe kanka a hanya."

Suka iso jiƙe da gumi. Mutari ya zauna a kujera ya miƙa hannu, ya kau da kai, ya runtse ido gam kamar yaron da za a yi wa kaciya. Madam ta fara shafa masa auduga.

"Madam, don Allah a hankali," ya ce, haƙoransa na haɗuwa. "Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa ɗibar jinina ba."

Hannun Madam ya tsaya cak.

"Ban gane ba. Gwajin aurenka fa?"

"Ai ina Legas. Yaya Kamalu ne ya wakilce ni."

"Ya me?"

"Ya wakilce ni. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ai duk jini ɗaya ne."

Kamalu ya gyaɗa kai daga bakin ƙofa, da gaskiyarsa. "Ni na je, Madam. Baba ya aike ni."

Madam Hamsatu ta dafe kai da hannu biyu. Mushe ya zame ya zauna a ƙasa yana salati. Zahara'u kuwa ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya, ta kasa ko kuka.

"Bayin Allah!" in ji Madam. "Ku dubi kanku mana! Kai dogo, shi gajere. Kai baƙi, shi wankan tarwaɗa. In fuska ba ta zo ɗaya ba, wa ya ce muku jini zai zo ɗaya? Kowane ɗa da rabon da yake ɗiba daga uwa da uba. Kawo yatsa!"

Ta soke shi kafin ya ankara, ta soki Kamalu. Minti goman nan sun fi wa Zahara'u wata biyun tsawo. Da lokaci ya cika Madam ta ajiye abin gwajin biyu a kan tebur, ta nuna da bik ɗin da take rubutu da shi.

"Kamalu, AA. Mutari, AS. Ga uban yaro nan, ba a wani gari yake ba."

Mutari ya sulale daga kujera ya kama ƙafar matarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Zahra... Zahra, na cuce ki..."

"Tashi," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ɗana na mutuwa."

Madam ta ce jinin mai AS ba shi ne ya fi dacewa da yaro mai SS ba, na mai AA ake so. Duk suka juya ga Kamalu. Tuni ya naɗe hannun riga. Aka duba rukunin jininsa, Allah ya sa ya dace. Yana kwance jini na gangarawa cikin leda ya ce, "Madam, wannan wakilcin dai ya halatta ko?" Ta ce ya halatta. Kafin magariba leɓen Hanif ya fara ja, ya buɗe ido, ya nemi nono.

Madam ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce Hanif zai rayu da ciwon nan iya ransa, wata rana lafiya, wata rana kwanciya, amma da kulawa zai girma har ya yi lakwal. Ta ce kuma duk cikin da Zahara'u za ta ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa haka, don haka su zauna su yi shawara tun kafin. Gaskiyar da ta wanke Zahara'u ita ce kuma ta ɗora musu kayan da ba sa saukewa. Ita da Mutari suka dubi yaron, yana barci a tsakaninsu.

Kwana uku da sallamarsu, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar Mushe. Da ya fito sai ya ga Malam Zakariya'u da kansa, Inna Ɗela a bayansa ta ja mayafi har hanci. Al'ada ce a turo dattawa biko, amma babu kowa tare da su.

"Mushe, yau ban aiko kowa ba," in ji Malam. "Aike ne ya kai ni inda nake. Kira mini 'yata."

Zahara'u ta fito ta durƙusa. Tsohon da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Na ɗauka na san jini, ashe ban san komai ba. Na sa jikana a wahala, na ɓata miki suna. Ki yafe mini don Allah."

Inna ta fashe da kuka, ta ce bakinta ne ya kai ta, a yi mata duk hukuncin da aka ga dama.

Zahara'u ta share ido. "Na yafe, Baba. Na yafe, Inna. Abu biyu nake roƙo. Inda aka faɗi waccan magana, a je a faɗi wannan. Sannan ƙannen baban Hanif da ba su yi aure ba, kowa ya je da yatsansa."

Haka aka yi. Ranar Juma'a bayan an sallame, Malam ya miƙe a masallacin ƙauye ya ba da labarin da bakinsa, bai rage komai ba. Inna ta bi gida-gida, duk inda ta kai ƙazafi ta koma ta kwashe abinta. Da su Madam suka sauka garin Dogo-Dogo, Mutari ne ya yi ta jigilar samari a babur kyauta, yana yi musu dariyar tsoron allura, kamar ba shi ba.

Zahara'u ta koma ɗakinta. Ba a rana ɗaya zuciyarta ta sake da mijinta ba, shi ma bai nemi haka ba, ya dai yi ta bi da haƙuri kamar yadda ta yi. Hanif kan kwanta, ya tashi. In ciwon ya motsa, yanzu Inna ce ke fara ɗaukar mayafi tana faɗa, "Wai ba za a kai yaron nan likita ba ne?"

Mahaƙurci mawadaci, Zahara'u ta ga ribar haƙurinta tun a duniya. Amma ku samari da 'yan mata, da ku iyaye masu son sauƙaƙa wa 'ya'ya, ku riƙe wannan: rashin sani ya fi dare duhu, kuma zargi ba ya jiran hujja in an buɗe masa ƙofa. Wakili na iya nema maka aure, ya kai maka sadaki, ya karɓa maka mata a gaban liman. Ranar gwajin jini kuwa, ka je da kanka. Malam Zakariya'u ya aika, kuma har yau in Hanif ya yi kukan ciwo, tsohon kan tashi daga zaure ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin.